Thelma Zweck da Inabin da Bai San Tiyo Ba

A arewacin kwarin Barossa, in ka ji muryar mace tana tashi daga cikin gonar inabi, ba sai ka tambaya ba. Thelma Zweck ce, kuma wani ne ya taɓo ta. Wata rana mutum ne, wata rana tsuntsayen da ke sata mata 'ya'yan inabi, wata rana kuma gajimaren da ya haɗu ya yi baƙi sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Duk ukun zagi iri ɗaya suke sha. Mu da muka tashi kusa da ita mun saba, har in muka ji shiru mukan leƙa mu ga ko lafiya.

A gidan dutsen da ke gindin tudun aka haife ta, kuma a nan ta tsufa. Kakanta ne ya dasa inabin da ke kan tudun, irin da ake kira mataro, baƙi mai kaurin ɓawo, wanda ba ya nuna sai kowa ya gama girbinsa. Ba a ɗaure shi a waya kamar na zamani ba. Kowane itace yana tsugune shi kaɗai, gajere mai murɗaɗɗen kututture, duk mai son yi masa aski ko tsinkar 'ya'yansa sai ya durƙusa. Thelma ta durƙusa wa itatuwan nan tun tana yarinya har gwiwoyinta suka yi kanta, amma ban san wani ɗan Adam da ta taɓa durƙusa wa ba.

Ƙasar tudun jan yumɓu ce, a ƙarƙashinsa akwai farin dutse mai laushi da ke riƙe damshi. Ruwanmu a watannin sanyi yake sauka, lokacin da inabi ya zubar da ganye yana barci. In zafi ya zo, daga Disamba har Maris, abin da ƙasa ta ajiye shi itace zai nema da saiwarsa. Mahaifin Thelma ya koya mata cewa inabin da aka saba wa ban ruwa malalaci ne, saiwarsa a sama take tsayawa tana jiran a kawo mata, 'ya'yansa su kumbura da ruwa su rasa ɗanɗano. Wanda aka bari da ƙishi kuwa yakan nutsa ƙasa, ya ba da 'ya'ya kaɗan, ƙanana, amma kowane ɗaya ya fi goma. Maganar gaskiya ce, kowane manomi a nan ya san ta. Sai dai ita Thelma ba a matsayin dabarar noma ta ɗauke ta ba, addini ta mai da ita.

Ta auri Clarrie Zweck, ɗan maƙwabtansu, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, ya dawo gidanta da zama. A shekarun da inabi ya yi kwantai har aka riƙa ba manoma kuɗi su tuge tsofaffin itatuwa, Clarrie ya yi kuskuren cewa ko su ma za su duba maganar. Makullin tarakta ta ɗauka ta jefa cikin tulun kokwambar da take tsimawa, ya yi ta nema har wa'adin tuge itatuwan ya wuce. Ya rasu yana ba mutane labarin yana dariya, ita kuwa har yau ba ta ga abin dariya a ciki ba.

Gonar da ke jikin tata, can ƙasa inda tudun ya sauka, ta Des ce, ƙanen Clarrie. Shinge ɗaya ya raba su. Shi inabin da ake kira shiraz yake nomawa, kuma tun da aka janyo ruwan kogi zuwa kwarin ya shimfiɗa baƙin tiyo a gindin kowane layi, yana ɗiga a hankali. Daga ranar ya shiga uku. In ta hango shi a bakin shinge sai ta ɗaga murya.

"Mai jego! An ba jarirai nono kuwa? Ko yau goyo za a yi musu?"

"An ba su, Yaya Thelma. Naki fa, suna nan suna azumin?"

"Nawa maza ne. Naka ko kabewa ta fi su ɗanɗano."

Ko a ƙofar coci ba ta raga masa. Fasto ya taɓa yin wa'azi a kan harshe yana satar kallonta, da aka tashi ta ce masa wa'azin ya yi kyau, Allah ya sa Des ya ji.

Abin da ya ƙara mata ƙarfin gwiwa shi ne giyar Narelle. Narelle 'yar ƙawar Thelma ce, ta yi karatun haɗa giya ta dawo ta buɗe ɗan ƙaramin rumbu a bayan gari. Jar giya ɗaya ce ta fito da sunanta, haɗin inabi uku. Shiraz ɗin Des shi ne tsokar, inabin girinash na wani gida da ke hayin rafi shi ke kawo ƙamshi da taushi, mataron Thelma kuma, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a cikin haɗin, shi ne ƙashin. Shi ke ba giyar ɗan baurin nan da ke kama dasashi, wanda ke sa ta shekara goma a kwalba tana ƙara kyau maimakon ta lalace. Masu kuɗin birni suka yi ca a kanta.

Kowace shekara in Narelle ta gama haɗi takan kira manoman uku, a yanka naman hayaƙi da kek, a ɗanɗana giyar, ta karanta musu abin da za ta rubuta a bayan kwalba. Thelma ba ta taɓa barin karatun ya kai ƙarshe lafiya ba.

"Da farko hanci zai ji busasshen ɓaure da masoro," in ji Narelle, "sai kanumfari, sai ƙamshin jemammiyar fata, a ƙarshe kuma ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko."

"Fata? Ke Narelle, wa ya taɓa tauna takalmi a cikinku? Na yi shekara ina durƙuso ki ce abin da na noma warin sirdi yake?"

"Yabo ne, Gwaggo."

"To a yabi uban wani da shi. In za ki rubuta, rubuta gaskiya. Ki ce a cikin kwalbar nan akwai inabin da tun da aka dasa shi ba wanda ya taɓa ba shi ruwa."

Narelle kuwa ta rubuta, kamar yadda aka faɗa, a can ƙasan takardar. Thelma ta yi kamar ko a jikinta, amma ta jera kwalaben kowace shekara a kan kantar ɗakin girkinta, duk ta juya bayansu waje.

Sai fari ya zo. Sanyin farko ya wuce da yayyafi, na biyu ya fi shi rowa, na uku ko ciyawar gefen hanya ba ta tsiro ba. Tafkunan gonaki suka bushe suka tsattsage, kangaru, dabbobin nan masu tsalle, suka riƙa saukowa daga duwatsu da rana tsaka suna cin ganyen inabi. Itatuwan Thelma suka fitar da rassa gajeru kamar yatsu, ganyen ya fara yin rawaya tun kafin Kirsimeti. Wanda duk ya san inabi ya kalli tudun nan ya san ba amfanin shekara ɗaya ake magana ba. Ran itatuwan ne a hannun Allah.

Narelle ta zo ta same ta a cikin gona. Ta tsuguna ta tona gindin wani itace da hannu, ƙasa ta zubo ta tsakanin yatsunta kamar gari.

"Gwaggo, ki ba su ruwa. Sau biyu ko uku kawai, su kai ga sanyi."

"Takardar fa?"

"Wace takarda? Layi ɗaya ne, sai in cire. Wallahi ba wanda zai lura. Masu saye ɓaure da masoro suke karantawa, ba sa kaiwa ƙasa."

Da Narelle ta san abin da ta taka da ta haɗiye maganar. Da ta ce mata in kin ba su ruwa na daina sayen inabinki, ina da yaƙinin a ranar Thelma za ta janyo tiyo don ta nuna mata ba a yi mata doka. Amma a ce abin da kakanta da ubanta da ita suka tsare, abin da ta ɓata da rabin kwarin a kansa, layi ɗaya ne da ba mai karantawa? Thelma ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, idonta ya kaɗa.

"Ba wanda zai lura. To ni ba mutum ba ce? Ashe duk shekarun nan ado kike yi da maganata, kamar hoton tsuntsu a jikin gwangwani! Fita mini daga gona kafin in manta 'yar wace ce ke."

Haushin nan nata ban ga laifinsa ba, kuma har yau ina tare da ita a kansa. Mutanen da ke juya kofi a gidajen cin abinci suna lumshe ido suna neman kanumfari, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar gwiwar wa aka kashe. Amma haushi ba ya jiƙa ƙasa, kuma itatuwan ba su suka yi mata laifi ba.

Bayan kwana biyu Des ya ƙetaro shinge da hularsa a hannu, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya ce kason ruwansa zai ishe su su biyu in aka yi tattali, yana da ragowar tiyo a rumfa, yini ɗaya ya isa ya kai shi har kan tudu.

"Ba sai kowa ya sani ba," in ji shi.

"Au, sata za mu yi ke nan? Ni da kai? Shekara nawa kana jiran ranar nan, mai jego, ka ga Thelma ta miƙa kwano. To ba ka gani ba. Itatuwan nan sun ga farin da ya fi wannan tun ubanka yana rarrafe."

"Lokacin suna da ƙuruciya, Yaya Thelma. Ke ma a da kina hawa tudun nan ba ki haki."

Ta wanke shi tas, ta haɗa da shiraz ɗinsa da taraktarsa da karensa. Ya mai da hularsa ya koma.

Ita ma ta san itatuwan suna cikin haɗari, ba makauniya ba ce. Akwai wata tsohuwar dabara ta mutanen da, kuma ita ta ɗauko. In itace ba shi da ƙarfin ciyar da kansa da 'ya'yansa, sai a raba shi da 'ya'yan. Ta ɗauki almakashi ta bi gonar layi layi tana datse nonnan inabi ɗanye tana zubarwa a ƙasa. Amfanin shekara guda cur ta yanke da hannunta, cikin zafin Janairu, tana yi tana faɗa da itatuwan. "Na sauke muku kaya, saura ku ba ni kunya." Mutane suka riƙa rage gudu a hanya suna kallo. Wasu suka ce jarumta ce, wasu suka ce hauka. Narelle ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ga ƙashin giyarta a zube yana bushewa a rana, ta juya ta tafi. A shekarar da inabi biyu ta yi haɗi, giyar ta fito da daɗi amma ba ta da tsayuwa, kuma ba ta kira kowa ɗanɗano ba.

Da Thelma ta gama yankan sai iskar arewa ta taso, irin wadda in ta buge ka kamar an buɗe maka murhu a fuska. Ta yi kwanaki tana hurawa. Ganyen da ya rage a kan tudu ya ƙone ya kakkaɓe tun kaka ba ta zo ba. Thelma ta ce barci suka shiga da wuri, haka masu wayo ke yi. Ba wanda ya yi mata musu, don kowa na son kunnensa.

Ruwa ya sauko a Yuni, mai yawa, har rafi ya kawo. Ta yi wa itatuwan aski kamar kullum. A wasu rassan in ta datsa sai ta ga cikin ya yi ruwan ƙasa maimakon kore, sai ta matsa gaba da sauri ba ta sake duba ba. A coci ta ce wa Des yanzu zai ga bambancin ɗa da bawa.

Satumba ita ce watan da inabi ke buɗe ido. Gonakin kwarin suka yi kore ɗaya bayan ɗaya. Mataro dama shi ne na baya a komai, don haka ta jira. Oktoba ta kama, ta ci gaba da jira. Kowace safiya takan fara daga ƙasa ta hau. Layukan da ke bakin shingen Des sun fashe da toho, lafiyayye, har da sheƙi. Na tsakiya wani ya tsiro wani ya ƙi. Can kan tudu kuwa, inda kakanta ya fara dashe, inda inabin da Narelle ke ware wa ganga ta musamman yake fitowa, kututture ne baƙaƙe a jere. Ta kankare ɓawon ɗaya da farce, ta kankare na biyu, ta sa wuƙa ta shiga ciki sosai. Busasshe ne har zuciya.

Da ta sauko ne abin ya tsaya mata a rai. Me ya sa na bakin shinge kaɗai? Ƙasarsu ba ta fi ta sama zurfi ba, ta san wannan tun tana yarinya. Ta leƙa ta kan waya. Layin tiyon Des na ƙarshe ba ya gindin shiraz ɗinsa. An janye shi an kwantar da shi a jikin shingen, daga wannan kusurwa har waccan, an danne da duwatsu, ciyawa ta rufe shi.

Muryarta ta kai har hanya. Des ya fito daga rumfarsa yana goge hannu.

"Wa ya sa ka? Ɓarawo! Munafuki! Ka shayar mini da itatuwa a bayan idona!"

"A gonata tiyon yake. Ban taka taki ba."

"Ka ɓata su! Abin da ubana ya bar mini da tsarkinsa ka mai da shi irin naka! Da wane baki zan ce ba su taɓa sha ba?"

A iya sanina Des bai taɓa ɗaga mata murya ba tun ranar da aka ɗaura mata aure da wansa. Ran nan ya jefar da tsumman hannunsa ya tako har bakin waya.

"Da wane baki? Da bakin da kika kashe na sama da shi mana! Iya inda ruwana ya kai ke nan, Thelma. Na tsaya a nan duk zafin nan ina kallon na kan tudu suna mutuwa ɗaya ɗaya, tiyo na naɗe a rumfa, ruwa na cikin bututu, yini ɗaya kawai na roƙe ki. Tare da Clarrie muka tsinki inabin nan muna samari. Ba fari ya kashe su ba, fari ya zo wa kowa. Waɗannan da kike zagina a kansu su kaɗai suka rage miki. In tsarki kike so, ga shi can a sama, je ki ki rungume shi."

Mu da muka tsaya a hanya muka jira ruwan zagi, don ba a taɓa kai Thelma bango ba. Sai ta juya ta kalli tudun, ta daɗe tana kallo.

"Kawo tiyon," in ji ta.

"Sun mutu, Yaya Thelma."

"Na tambaye ka? Kawo."

Ya je ya ɗauko, ya haɗa shi da bututu, ya miƙa mata bakin ta kan shinge. Ya so ya taya ta ja, ta buge hannunsa. Ita kaɗai ta ja shi har kan tudu, tana tsayawa tana haki tana ci gaba, tiyon na maƙalewa a kututture tana fizga. Da ta kai layin farko na kakanta ta ɗaga hannu, Des ya murɗa famfo.

Ruwan ya fito da ƙarfi ya bugi gindin itacen, ya taru, ya malala gefe, don ƙasar ta riga ta ƙoshi da ruwan sanyi ba ta buƙatarsa. Thelma ta durƙusa cikin taɓon.

"Sha mana," take cewa. "Ga shi na kawo. Don ubanka ka sha. Ba ka da baki ne da ba za ka faɗa mini ba?"

Ta matsa ga na gaba, ta matsa ga na gabansa, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, muryarta na dushewa. Des yana tsaye a bakin shinge da hannunsa a kan famfo, bai rufe ba.